Ranar Da Saratu Ta Riga Malam

Saratu 'yar Zariya ce, kuma duk wanda ya san ta a Dubai ya san ba ta shiga gaban babba. A wani kamfanin kago, wato na jigilar kaya, da ke unguwar Al Quoz take aiki. Ita ta rubuta manhajar da ke tsara yadda za a jera kwalayen 'yan kasuwar Kano a kwantena, da yaren kwamfuta da ake kira C, kuma ji take da ita kamar 'yar fari.

Sai kamfani ya ɗauko Malam Salmanu, dattijo mai furfura, ya sake rubuta manhajar da wani yaren, Rust. Manaja ya ce a gwada su a kwamfuta ɗaya. Wadda ta fi sauri a riƙe ta, ɗayar a goge.

Duk ranar da aka zo gwaji, baiwar Allah sai ta ja da baya. "Bismillah, Malam, ka fara." Tasa ta gama nan da nan, tata ta biyo baya tana jan ƙafa. Abin ya ƙona mata rai, har abinci ya daina yi mata daɗi.

Ranar yanke hukunci Malam ya gwada tasa da safe, Saratu ta jawo kwamfutar, sai ta ji ƙasanta kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Kwamfuta kuwa in ta ɗau zafi, da kanta take rage gudu, ga siton da suke gwajin, da rana ya zama tanda. Ashe Malam ke samunta da sanyinta, ita kuma ladabi ya bar mata ragowa!

"Malam, a bari ta huce a sake gwajin. Ka yi haƙuri, yau ni zan fara!"

Ya taɓa kwamfutar, ya kwashe da dariya. "Yalla, fara, 'yata."

Kai, ka ga gudu! Tata ta gama kafin manaja ya gyara zama, ta Malam ce yau ke nishi. Da aka ba kowacce sanyinta, sai ga su kusan kai ɗaya.

"Khalas, shi ke nan, tunda kusan ɗaya suke, a bar ta Saratu da muka saba da ita," in ji manaja.

Ta yi tsalle ta dire, ta manta da dattijo a wurin, sannan kunya ta kama ta. Da aka kawo shinkafar rana ta tura masa tiren. "Bismillah, Malam, ka fara."

"Taɓa tukuna," ya ce, "kada na sake cinye miki sanyin."