Bututun da ke Kan Soron Maƙwabci

Shekarar da na fara aikin gini a Tamanrasset ba ni da takarda ko ɗaya a aljihu, haka ma sauran ƴan Damagaram da muke kwana tare a cikin ginin da muke yi. Wanda ba shi da takarda kuwa, ko akuya ta yi tari sai gabansa ya faɗi. Tsorona ɗaya ne: a jefa ni mota a maida ni iyaka, in koma wa tsohuwata hannu rabbana.

Wata rana da la'asar muna ɗaurin ƙarfen dal, wato rufin kankare, sai babban masonmu, shugaban magina, ya hango wani farin bututu mai ƙafa uku a kan soron maƙwabci, bakinsa na kallon wajenmu. Nan take ya yanke hukunci: kayan jandarma ne, ƙirga mu ake yi. Mutumin nan, tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa cewa "ban sani ba". Kafin rana ta faɗi rabinmu sun ɗaure kaya. Aka ce ni da na ɗan zauna lekkol na yi boko in je in jiyo gaskiya. Wato in kamu ne, a fara da ni.

Bayan sallar magariba na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcin. Mai gidan dattijo ne mai rawani, Tamahaq ne harshensa, amma ya yi zaman Agadas, Hausarsa ta fi Larabcina nesa ba kusa ba.

"Baba, don Allah wancan bututun, mu yake kallo?"

Ya dube ni ya ce, "Ku? Me zan kalla a jikinku, ɗana? Zo ka gani."

Muka hau soro. Ashe madubin hangen taurari ne. Tun la'asar yake fitar da shi ya sha iska, kuma ta bayan gininmu tauraron da yake jira ke fitowa. Ya sa na kafa ido. Na ga wani abu kamar ƙwan zabo mai ratsi-ratsi, da wani ɗan tabo ja-ja a gefensa.

"Mushtari ke nan," in ji shi. "Tabon nan guguwa ce. Ta fi duniyarmu faɗi, kuma tun kafin a haifi kakanka take juyawa, ba ta tsaya ba."

Na ce subhanallahi, to mutanen da ke ƙarƙashinta fa? Ya yi dariya har da tari. Ya ce ba mutane, ba ma ƙasar da za a taka, iska ce kan iska. Guguwarmu ta nan duwatsu da tuddai ke gajiyar da ita ta kwanta, waccan kuwa ba abin da zai tare ta. Na daɗe ina kallo. Tun zuwana garin, ranar na fara manta cewa ba ni da takarda.

Sai ya tambaye ni me ya sa na zaci mu yake leƙe. Na gaya masa komai, har da kayan da aka ɗaure. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce in je in kira su duka. Suka hau ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa, mason ya zo ƙarshe, ya leƙa, ya ce shi dama bai yarda da maganar jandarman nan ba.

Daga ranar a gidansa muke ɗiban ruwa. In Mushtari ya fito sai ya ƙwala mana kira, mu hau da siminti a ƙafa, ba ya ko damuwa.

Bayan wasu watanni, wata safiya aka shigo unguwar da motoci ana kamen marasa takarda. Muna tsaye cirko-cirko, ba mu san inda za mu nufa ba, sai muka ga ƙofarsa a buɗe, shi kuma a bakinta yana yafito mu. Ba wanda ya roƙe shi. Allah ya yi masa rasuwa yanzu, kuma har gobe in na tuna shi godiya ke cika mini ciki, don ban da shi da ranar zamana a garin nan ya ƙare. Muka zauna a tsakar gidansa har motocin suka wuce, yana ta yi mana faɗa wai mun bar shayi ya huce.