Tantabarun Mainasara

Mainasara mai gyaran keke ne a Sandamu, amma an fi saninsa da tantabaru. Tun yana saurayi yake kiwonsu a tsofaffin tukwane da ya jera kan katanga.

Daminar da ambaliya ta ci unguwarsu, katangar ta narke, ɗakunansa suka zube. Shi da matarsa Kulu suka koma makarantar firamare da zama. Kullum da la'asar sai ya je kangon ya zauna shiru, kamar mai mafarki. Tsuntsayen suna ta kewaya sama, farare tas, suna neman gidan da babu shi.

Da tallafin gwamnati ya iso, Kulu ta ce, "Malam, kwano da siminti za ka fara saya."

"In sha Allahu," in ji shi.

Ya dawo daga kasuwar Daura da kwanon da simintin, ga kuma sababbin tukwane naɗe cikin buhu. Kulu ta girgiza kai tana dariya, ta taya shi jera su. Kafin magina su rufa ɗakinsu, wata tantabara har ta yi ƙwai.