Igiyoyin Awon Saaka Tela

Saaka, telan Salaga, bai taɓa rubuta awon kowa ba. Duk mai kawo masa ɗinki yana da igiyarsa rataye a ƙusa, da ƙulli ɗaya na faɗin kafaɗa, ɗaya na tsawon riga.

Bayan rikicin ƙabilanci na 1994 a arewacin Ghana, mutane da dama ba su dawo ba. Matarsa Zalia ta ce ya sauke igiyoyin waɗanda suka ɓata, bango ya huta.

"Ɓata ba mutuwa ba ce," in ji shi. "Wanda ya ga kabari ya zo ya gaya mini."

Haka ya riƙa sauke su ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da aka tabbatar masa da mutuwar wani, yana yi wa masu su addu'a. Har ya koma ga Allah, igiya ɗaya na nan rataye, ta ƙanensa Alidu da ya kai doya Yendi lokacin rikicin, bai dawo ba.