Jar Motar Mushe da Katangar Idirisu

Idirisu Makaniki ya shekara talatin da ɗaya yana gyaran mota a unguwar Zango ta Zinder, kuma a cikin shekarun nan abu ɗaya ya samu wanda yake ji da shi: sunansa ya hau kan hanya. Inda kwalta ta karya ta nufi kasuwa, wurin ana ce masa Kwanar Idirisu. Babu allo, babu wata hukuma da ta zauna ta yanke hakan. 'Yan kabu-kabu ne suka fara, saboda garejinsa na nan a kan kwanar, har ya zama ko wanda bai taɓa ganin mutumin ba ya san inda za a sauke shi. Idirisu kan ce shi bai damu da wannan ba. Yakan faɗa sau biyu ko uku a mako.

A aji huɗu ya bar lakwal, makarantar boko, ubansa ya miƙa shi ga wani tsohon makaniki a tasha. A can aka gane abin da Allah ya ba shi yana cikin kunne. Yana zaune a rumfar gareji, inda abokansa 'yan fada ke dafa shayi, mota za ta wuce, ba tare da ya ɗaga kai ba ya ce, "Buji na uku." Bayan kwana biyu sai ga mai motar, kuma buji na ukun ne, fulogin ya daina ba da wuta. Shi kansa bai taɓa mallakar mota ba. Da ƙafa yake zuwa ko'ina, wai ya san cikin mota da yawa.

Garejin ɓangare ne na gidan kakansu, wani madugu da ya yi fataucin gishiri da dabino. Da aka raba gado, aka ja katanga a tsakiya. Gefen kwalta ya faɗa wa uban Idirisu. Gefen ciki ya faɗa wa ƙanwar uban, Gwaggo Barira, tare da tsohuwar ƙofar raƙuma mai buɗewa cikin lungu: ginshiƙai biyu masu kauri, da ɗaki a bisa inda madugu ke zama yana kallon ayarinsa na shigowa. A wannan gefen ɗan Gwaggo Barira na fari yake zaune, Sama'ila, malamin lissafi a lakwal, wanda duk unguwa ke kira Mushe, yadda ake ce wa malami da Faransanci.

Ɗan wa da ɗan ƙanwa, ke nan taubasai ne. Al'ada ta ba su izinin zagin juna tun daga shimfiɗar jego har kabari, kuma ta hana kowannensu jin haushi. Kowa yana kiran ɗan'uwansa "bawana". Ba a taɓa daidaitawa kan wane ne bawan na gaskiya ba.

Har ya kai arba'in, Mushe bai taɓa kwance noti ba. Sai wata rana ya ga a wayarsa yadda wasu mutane a wata ƙasa ke ɗaukar tsohuwar mota, su rage mata tsawon rufi, su ɗora mata injin da ya fi ƙarfinta, su sa mata manyan tayoyi a baya, ba don ɗaukar kaya ko fasinja ba, don dai a gani a ji. Abin ya shige shi. A babban hutun wannan shekarar ya samo gawar wata Pijo kat-san-kat, wato 404, a garin Zermu, a bayan gidan wani manomi, inda ake ajiye harawa a kujerar baya, kaji na ƙwai a ta gaba. Babbar mota ta kawo ta bakin lungu, maza shida suka tura ta ta ƙofar raƙuma. Ta shige da ragowar yatsa huɗu a kowane gefe.

Idirisu ya zagayo yana goge hannu.

"Mushe, akurkin nan har da kajin aka ba ka?"

"Matsa gefe, bawana, kada ka shafa mata baƙin mai."

"To idan ka gaji, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ka ƙwala kira, zan aiko da tsintsiya."

A shekarar farko dariyar Idirisu ta gaskiya ce. Ya san abin da zai biyo baya: malamin lakwal zai kankare tsatsa, ya yanke yatsa, ya zo gareji da hula a hannu. Ya ma tanadi abin da zai ce masa. Amma Mushe bai zo ba. Ranakun Asabar da Lahadi, da kowane hutu, yana tsakar gida da wani tsohon littafin Faransanci mai hotuna a buɗe bisa turmi, da wayarsa a jingine jikin buta. Ya yanke yatsan, sau da yawa ma. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Da ya samo inji mai silinda shida daga wata motar daji da ta yi haɗari, ya rataye shi a reshen darbejiya da sarƙa, ya kwance shi gaba ɗaya, ya jera kowane ƙarfe bisa tabarma da lambarsa da alli, kamar 'yan aji ranar jarrabawa. Idirisu ya leƙa ta saman katanga ya ga jerin. Bai sami kuskure ba. Ranar bai ci abincin rana da daɗi ba.

Daga nan 'yan fada suka fara ɓacewa ranar Asabar. Mutum zai ce zai je ya kama ruwa, a same shi bayan awa biyu a gidan Gwaggo Barira yana riƙe wa Mushe ƙarfe. Butar shayin ma wata rana ta bi su. Wani mai mota da ya kawo gyara ya tsaya yana sauraron bugun guduma ta bayan katanga, ya ce, "Malam Idi, kai ma ka iya irin wancan?" Idirisu ya ce shi motocin da ke tafiya yake gyarawa. Amsa ce mai kyau, kuma ya san ba ta isa ba.

A shekara ta biyu Mushe ya kawo ƙarfen ƙafafun baya na motar dajin nan, da tayoyi biyu masu faɗi, ya kira mai walda ya buɗa jikin motar don ya rufe su. Idirisu ya shigo ya dubi ƙarfen, ya dubi ƙofar raƙuma. Bai buƙaci awo ba. Bayan motar ya fi ƙofar da kusan taki guda. Mushe kuwa, mai koya wa yara awon tsawo da faɗi, bai ga dalilin auna ƙofar da motar ta riga ta shigo ta cikinta a gaban idonsa ba.

Idirisu mutum ne mai tsoron Allah, ba zai ga ɗan'uwansa zai faɗa rami ya yi shiru ba. Saboda haka ya faɗa masa. Ya dai zaɓi muryar da zai faɗa da ita.

"Mushe, amaryar nan taka ta yi ƙiba. Wallahi a gidan nan za ta tsufa, ba za ta fita ba."

Ya faɗa yana dariya, yana tafa hannu da na kusa da shi. 'Yan fada suka kwashe. Mushe ya ce, "Ku ji bawa da baƙin ciki," ya ci gaba da ɗaure noti. Wa zai ɗauki maganar taubashi ya kai ta bakin ƙofa da igiyar awo? Idirisu ya maimaita ta a shekara ta uku, da ta huɗu, kullum a cikin mutane, kullum da dariya. Yana komawa gareji zuciyarsa fes: ya faɗi gaskiya, da shaidu.

Motar ta kammala a ƙarshen shekara ta huɗu. Ja ce kamar barkono, rufinta ya sauko har sai mutum ya sunkuya, bututun hayaƙi biyu sun fito ta gefe suna ƙyalli. Aka sa ranar Lahadi da hantsi za ta fita. Lungu ya cika. Mata suka hau soraye. Idirisu ya sa sabuwar riga ya tsaya daga gefen ginshiƙin dama, inda ya san za a fi gani.

Mushe ya tayar da inji, tattabarun unguwa suka watse. Hancin motar ya fito lungu, mutane suka ja da baya, ƙofofinta suka wuce. Sai wani ya ɗaga hannu ya ce a tsaya, bayanta ya kai ga ginshiƙai. Mushe ya fito ya duba dama, ya duba hagu. Ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Sannan ya koma ciki ya mayar da motar inda ta shekara huɗu.

Wani ya ce a sassaƙe ginshiƙan. Gwaggo Barira, wadda ke zaune a kan kujerarta ta tsakar gida, ta ce ɗakin ubanta a kansu yake tsaye, wanda ke son ya taɓa su ya jira a fitar da ita tukuna, ita za ta wuce ba tare da an sassaƙe komai ba. Maganar ta mutu a nan.

Idirisu ya yi zaton daɗin zai daɗe. Kwana uku ya yi. Labarin motar da ta ƙi fita ya zaga Zinder fiye da yadda motar za ta zaga. Mutane suka riƙa zuwa daga unguwannin Birni da Kara-Kara don su gan ta a ɗaure, su jajanta wa Mushe, su ɗauki hoto a jikinta. Wasu a garejin suke tsayawa su tambayi hanya.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya shiga gaida gwaggonsa. Ita ba ta kama sunan ɗanta na fari, "wancan" take cewa, shi kuwa Idirisu ɗan ɗakinta ne tun yana rarrafe.

"Idi, zauna. Ka sani?"

"Me, Gwaggo?"

"Kada ka mai da ni wancan. Ka san ba za ta fita ba."

"Ai na faɗa masa. Sau uku. Kowa ya ji."

"Na ji ni ma. Haƙoranka talatin da biyu duk a waje." Ta ci gaba da gyaran zogalenta. "Ubanka ma haka yake. In zai cuce ni sai ya fara ba ni dariya."

Ba ta roƙe shi komai ba. Amma Idirisu ya fita yana kallon katangar da ta raba gidan, kuma kafin ya kai rumfa wani tunani ya zo masa wanda ya ga ya fi na farko kyau. Katangar tasa ce. Bayanta filin garejinsa ne, gaban filin kwalta. Idan aka fasa ta, jar motar za ta fito duniya ta cikin garejin Idirisu, ta gaban rumfarsa, a kan kwanarsa. Duk wanda ya ga motar da ba a taɓa ganin irinta ba tana fitowa daga gidan makaniki, ai ba sai an gaya masa hannun wa ya taɓa ta ba. Ba zai yi ƙarya ba. Zai dai tsaya a wurin da tsumma a kafaɗa.

Da kansa ya kira magina. Da kansa ya auna, ya ƙara taki biyu. Ya sa aka yi ƙyaure na ƙarfe mai ganye biyu. Mushe ya zo ya tsaya a cikin ɓaraguzan, ya ce, "Bawana, ashe kana da amfani." Idonsa ya kawo ruwa. Idirisu ya ce ƙurar bulo ce.

Motar ta fita ranar Asabar da la'asar. Ta ratsa tsakanin motocin gyara, ta wuce rumfa, ta hau kwalta da ƙarar da ta sa mai tsire ya saki wuƙa. Idirisu na tsaye da tsumma a kafaɗa. Ba wanda ya kalle shi. Unguwar ta shekara huɗu tana riƙe wa Mushe ƙarfe, ta san wanda ya yi aikin.

Tun daga ranar, kowace Asabar mutane ke taruwa a kan kwanar su jira a buɗe ƙyauren. Idirisu ne ke janye motocin gyara don a sami hanya, tunda filinsa ne. Masu jiran suna buƙatar sunan wurin da za su ce su haɗu, kuma abin da suke jira a gabansa ƙofa ce.

Bayan wata biyar ya dawo daga sayen kayan gyara a kasuwa, kayan sun yi nauyi, ya tare kabu-kabu.

"Kwanar Idirisu."

"Ina ke nan, Baba?"

"Inda kwalta ta karya. Wurin gareji."

"Au, Ƙofar Mushe. Hau mu je."

Ya hau. Da ya sauka bai shiga gareji ba, ya bi ta sabuwar ƙofar ya sami taubashinsa yana wanke tayoyi. 'Yan fada na zaune a gefe, butar shayi na kan gawayi. Idirisu ya tsaya, fuskarsa babu alamar wasa, ya yi magana a hankali yadda bai taɓa yi masa ba.

"Sama'ila, shekara talatin da biyar na yi a kan kwanar nan. Ka ƙwace mini suna. Abin yana ci mini rai."

Sai Mushe ya fashe da dariya har soso ya faɗi daga hannunsa, 'yan fada suka bi shi. Wani ya ce duk Damagaram babu mai iya riƙe fuska kamar Malam Idi. Aka matsa masa a kan benci, aka miƙo masa kofin farko.

Ya karɓa ya sha. Washegari ya sa aka rubuta masa babban allo, GAREJIN IDIRISU, da haruffa masu tsawon hannu, aka kafa a bakin kwalta. Allon ya taimaka ƙwarai. Yanzu idan baƙo ya tambayi Ƙofar Mushe, ana ce masa ya miƙe har sai ya ga wani babban allo.