Matar da Ke Yi wa Akwati Inuwa

Ka taɓa ganin mutum ya zauna a rana don akwati ya samu inuwa? Ga wata mata nan a tashar mota. Mu goma sha ɗaya ne muke jiran mota ta cika, goma mun cunkushe a rumfa, ita kaɗai ke kan bencin waje. Ta tura farin akwatin soso ƙarƙashinsa, tana tare masa rana da ƙafafunta. Siririya ce, gilashinta ɗaure da zare, gumi na bin wuyanta. Ledar ruwa mai ƙanƙara shida na ga ta saya, ko ɗaya ba ta sha ba, duk a akwatin ta jera su.

Kwandasta ya miƙo hannu. "Anti, kawo a sa a but. Ko zinariya ce a ciki?"

"Zinariya ai ba ta tsoron zafi, ƙanena. Sinadari ne irin na jikin mutum, a ɗakin gwaji aka sarrafa shi. Shi ke hana ƙwayoyin jiki yin tsatsa. In ya ɗumama, aikina na bana ya bi ruwa."

"To ki sam min mana, ni na daɗe da yin tsatsa."

Ba ta yi dariya ba, a cinyarta ta ce zai zauna. Ina jin ɗaliba ce, kuma ba ta da wani sinadarin bayan wannan.

Gwada yau: yanka tuffa ka bar ta a iska, ka ga saurin da take dafewa; irin tsatsar da matar ke nufi ke nan. Sannan ka gaya min ko kai za ka miƙa wa kwandasta akwatin.