Gemun Auduga

A shekarar da soja suka miƙa mulki, taro ya dawo Agege. Kowace Asabar sai an kafa rumfa an jera kujerun roba, in ba 'yan siyasa ba, to masu biki. A lokacin ne wata malama 'yar kudancin Kaduna, mai koyarwa a firamaren unguwarmu, ta tara yara ta fara koya musu wasan kwaikwayo wanda komai nasa da waƙa ake yi, har gaisuwa, har faɗa. Ta ce ta ga irinsa wajen Yarabawa a Mushin, ta kuma ga tashen yaranmu da azumi, sai ta ga babu abin da zai hana a haɗa biyun a hau dandamali da rana kowa ya gani.

'Yata ta fari tana cikin yaran. Ba zan rubuta sunanta ba. Tun tana raye ban taɓa kiranta da shi ba, don a garinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Shekarunta ba su wuce goma ba. Haihuwar Legas ce, Yarabanci ya zauna mata a baki kamar Hausa.

Labarin wasan ba shi da tsawo. Wani tsoho mai goro ya shiga danfo, motar hayar Legas, za shi Oyingbo, kwandasta ya sauke shi a Oshodi tun ba a isa ba. Yana tambayar hanya da Hausa, ana ba shi amsa da Yarabanci, kowa na nuna masa wani gefe, sauran yara na yin amshi. Malamar ta gwada yara maza a matsayin tsohon, duk dariya ta kayar da su kafin su kai ƙarshen baiti. Da ta gwada yarinyar, ko murmushi ba ta yi ba.

Ba sai an gaya mini inda ta samo tsohon ba. Kakanta ne, mahaifin maigidana, wanda muke zaune tare da shi, muna ce masa Baba. Tun yana saurayi yake fataucin goro. Ta ɗauko yadda yake jan ƙafa, da yadda yake tsoma hannu a ruwa da safe ya yayyafa wa ganyen da ke rufe da goron, yana yi wa kwandon magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri.

Ana gab da ranar wasan, maigida ya ji labari wajen mai shayi. Ya dawo ya ce 'yarsa ba za ta ɗaura gemu ta kwaikwayi ubansa a gaban jama'a ba, kuma kada a sake tayar da maganar. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Abinci ne ta rage ci. In ta je ɗiban ruwa ina jin ta a bayan tanki tana rera baitinta a hankali, in ta ji motsi ta yi shiru.

Da ƙanwarta ce, da na yi magana. Ita kuwa gwaggo ko kawu ne ke roƙa mata, nawa duk suna Arewa. Bakina a ɗaure yake.

Ni tela ce, kuma ni malamar ta ba ɗinkin kayan wasan. Na ƙarasa gemun, auduga ce na jera a kan ƙyalle na sa masa roba. Maimakon in sa shi cikin leda da sauran kayan, sai na rataye shi a ƙusar baranda inda Baba ke rataye carbinsa in zai yi alwala.

Da azahar ya gan shi. Ya ɗaga, ya jujjuya, ya ƙwala mata kira da sunan da yake tsokanarta da shi, irin na kaka da jika.

"Amarya, zo nan. Wane tsoho kika samo a bayan idona?"

"Naka ne, tsoho. Na ga na fuskarka ya fara zubewa, na ce a ɗinka maka sabo."

Ya sa ta ɗaura, ya ce ta yi masa abin da ake ta ƙus-ƙus a kai. Ta yi, a tsakar gida, tsakanin igiyoyin shanya. Da ta zo wajen yi wa kwando magana, sai ya juyo ya tambaye ni ko da gaske haka yake yi. Na sunkuyar da kai na ce haka ne, Baba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya farfaɗo ya ce ƙafar dama take ja, alhali ta hagu ce mai ciwon, ya tashi ya gyara mata da kansa.

Da maigida ya dawo, Baba bai ja magana ba. Ya ce, "Matata ce. In ta zage ni, ni ta zaga. Kai ina ruwanka a tsakaninmu?" Ya ara mata hularsa da tsohon kwandonsa.

An yi wasan bayan la'asar a filin makaranta, a kan katakon da aka shimfiɗa bisa duro. Har yau ban ga abin da ya kai yaran nan ba. Yaron da ya fito a kwandasta ya maƙale a gefen bencin da aka mai da mota da hannu ɗaya yana kiran fasinja a waƙe, har masu okada suka kashe injin suka tsaya. Wata 'yar Bayarabiya mai tallan burodi ta mance baitinta, ta ƙirƙiro wani nan take, masu amshi suka bi ta ba wanda ya gane. Ba lasifika, sai ganga ɗaya da gwangwanaye, amma na ƙarshen fili yana jin kowace kalma.

Da tsohon ya fito yana jan ƙafar hagu, 'yan goron Agege suka juya gaba ɗaya suka kalli Baba. Ta ajiye kwando, ta yayyafa ruwa, ta jira dariya ta lafa tukuna, sannan ta durƙusa ta rera wa goron cewa kada ya ji tsoro, Oshodi ce, za ta wuce. Ban san inda ta koyi wannan jiran ba. Ina can baya cikin mata, na ja mayafi. Da suka waiwayo suna taɓa ni, na ce wautarta ce kawai. Na hango maigida a jikin katanga yana goge ido da hannun riga.

Wasu sun hau suna yi wa yaran liƙi. Baba ya hau a hankali, ya sa mata farin goro a tafin hannu, ya sauko.

Wannan ne hawanta na farko, shi ne na ƙarshe. Zazzaɓi ya ɗauke ta a daminar da ta biyo baya. Allah ya ji ƙanta.

Baba ya ƙara wasu shekaru. Da safe yakan yayyafa ruwan, ya fara yi wa kwandon magana, sai ya tsaya a tsakiya. Wata rana na kawo masa koko, na ajiye zan juya, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ƙusar barandar nan dai ba ita ta ɗinka gemun ba. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin, na koma ɗaki. Gemun yana cikin akwatina, robar ta saki.