Na Bi Manhajar Riɗi Har Arawa

Ƙanin matata ya maida ni abin dariya a kasuwar Dukku, shi ne dalilin tafiyar nan. Ya ce zai haɗa mana manhajar waya mai nuna farashin riɗi da wake na Gombe, dillalai su daina yi mana rufa-rufa. Wai akwai wani AI mai rubuta manhaja, ana biyansa wata-wata. Ni ke biya. Na cika baki gaban 'yan kasuwa, kaka ta matso, shiru, waya ma ya daina ɗauka. Har an fara kirana Alhaji Manhaja.

Mun tashi da asuba zuwa Gombe, ni da wani maƙwabcina mai zuwa ganin likita. Gonaki sun yi kyau, gero ya yi kai. Kuɗin mota ya ƙaru, amma direban ya biya mu da barkwanci, duk ramin da ya faɗa sai ya ce mu yi haƙuri ba shi ya haƙa ba. Wata tsohuwa ta raba mana dafaffiyar gyaɗa. Da fushina na fito, kafin mu isa rabinsa ya zube a hanya.

A bakin Kasuwar Gombe na ci masa mai zafi da miyar taushe, har na nemi ƙari. Na zaga layin 'yan hatsi, na ji farashin riɗi da kunnena, ya ɗara abin da ake faɗa mana nesa ba kusa ba. Nan fushin ya dawo, na tari keke zuwa unguwar Arawa.

Na sami ƙanin matar tawa a ɗan shagonsa gaban kwamfuta.

"Yaya! Ba ko sanarwa?"

"Da na sanar ai da ka gudu, Injiniya."

Ya rantse ba laifinsa ba ne. Kamfanin AI ɗin sun ƙara kuɗi, sun kuma sa iyaka. Da can ko yini ka yi kana aiki ba ruwansu, yanzu awo suke yi mako-mako, in ka cinye ka jira. Wannan na gane, mai mudu ne ni. Har na fara tausaya masa, sai wani ya leƙo ya ce, "Oga, abin ya ƙi buɗewa, ga aikin makarantata na jira." Bai fita ba wani ya kira, shi ma haka. Ashe duk majalisarsu ya raba wa lambar sirrin shiga AI ɗin, su ke cinye awon.

"Yaya, ɗan unguwa ya roƙe ka, ka ce a'a? Da can ai ba ya ƙarewa."

Na sa ya canza lambar a gabana. Na sauka gidan surukata a unguwar Shamaki ina jiran sabon awo, tana ta ɗura mini tuwo da man shanu, ta ce na rame.

Ranar da awon ya buɗe, na kafa benci a ƙofar shagon na zama maigadi. Duk wanda ya zo mu gaisa da fara'a, in ce Injiniya na aiki. Shi kuwa AI ɗin nan, ka rubuta masa magana, ya zubo layuka kamar ana zazzage buhu. Kafin la'asar farashin riɗi ya fito a wayata. Na yi dariya har hulata ta faɗi, na saya wa 'yan majalisar balangu don kada su riƙe ni.

Na dawo Dukku lafiya, masu tsokana yanzu layi suke bi a sa musu. Na kuma koyi cewa aikin da ka biya, ƙafarka ke ƙarasa shi. Amma da ya rako ni tasha, na riƙe hannunsa na ce, "Kyauta abu ne mai kyau, Injiniya, ka yi ta da naka. Ka ƙara raba nawa, ba zan zo ba, yayarka zan turo maka."